Wai sai mai zane ya bar garinsu idonsa ke buɗewa?

Mai_Burushi:
Salam jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, dan Allah masu sani su saka baki. Manyan masu zanen Turai da ake ta ambato, in ka bi tarihinsu sai ka tarar akwai wata tafiya guda da ta juya musu hannu. Delacroix na Faransa ya je Maroko a 1832, wajen wata shida ya yi a tafiyar amma har ya mutu a 1863 yana zana dawakai da mutanen can. Matisse ya je Tanja ta Maroko a 1912. Paul Klee ya je Tunisiya a 1914, ko sati uku bai yi ba, tun yana Ƙairawan ya rubuta a littafinsa cewa kala ta kama shi, yanzu ne ya zama mai zane. To wai tafiyar ce ke buɗe ido, ko da ma mutum da abinsa a ciki? Ni dai ra'ayina duk mai zanen da bai taɓa barin garinsu ba akwai iyakar da ba zai wuce ba komai baiwarsa. Wanda bai yarda ba ya zo mu yi.

DanZazzau84:
Toh fa. Wato mu da ko fasfo ba mu da shi mu ajiye burushi mu koma sayar da rake kenan

Ummu_Hanan:
Hhhh ai kai Bazazzagi ne, Kano ma in ka zo ƙasar waje ce a wurinka, ka zo ka sha kallo.

DanZazzau84:
Anti ki bari, mu da muke da makarantar zane tun kafin a samu 'yancin kai. Bakano in ba kasuwa ba me ya sani

Baban_Sadiq:
Mai_Burushi na ji maganarka amma ka haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Delacroix ba yawon buɗe ido ya je ba, cikin tawagar gwamnatin Faransa ya tafi, wadda aka aika wurin Sarkin Maroko Maulay Abdurrahman. Kuma ka duba shekarar. Faransa ta ci birnin Aljiyas da yaƙi a 1830, shekara biyu kenan kafin tafiyar, abin da ya kai tawagar shi ne a lallaɓa sarkin kada ya tsoma baki a Aljeriya. Suka sauka Tanja a watan Janairu, suka wuce Maknas wurin sarki a watan Maris. Shi Delacroix yana biye da littattafansa yana ta zane da sauri, yana rubuta kalar kowane abu a gefe don kada ya manta, jan kaza, shuɗin kaza. Abin da nake so ka gane shi ne ƙafarsa ta kai can ne domin ƙasarsa tana da jiragen ruwa da bindiga. Ba wai ya fi wani mai zane na Fas ko Maknas ido ba ne.

Mai_Burushi:
Baba na yarda da siyasar da ke ciki, amma ba ita na tambaya ba. Ko da bindiga ya je ko da carbi, aikinsa ya canza ko bai canza ba? Ka dubi zanen sarkin a kan doki yana fitowa daga ƙofar Maknas da laima a kansa, wanda ya gama a 1845, wallahi in ka nuna wa mutumin Kano zai ce hawan Daushe ne. Mutum ba zai ƙaga wannan a ɗakinsa a Paris ba.

Baban_Sadiq:
Ya canza, ban musa ba. Amma 1845 fa ka ce, shekara 13 bayan ya dawo. Kenan a ɗakin nasa na Paris ɗin ya zana shi.

Hajiya_Mairo_Zane:
Ni wurin da nake da magana shi ne zanen nan nasa na matan Aljiyas a ɗakinsu, na 1834, wanda ke gidan adana zane na Louvre a Paris. Kwana uku kacal mutumin nan ya yi a Aljiyas a hanyarsa ta komawa gida. Kwana uku! A Maroko ma matan Musulmi ba su yarda ya zana su ba, yawancin matan da ya samu ya zana Yahudawan Tanja ne ta hanyar tafintan tawagar. Labarin da ake bayarwa wai wani ya shigar da shi wani gida a Aljiyas ya leƙa, shi kenan sai ya koma Paris ya zana mata zaune a ƙasa da tukunyar shisha, ba aiki ba komai, sai kallo. Kuma wannan hoton shi Turawa suka riƙe shekara da shekaru a matsayin rayuwar macen Musulma. Duk wadda ta taɓa zama a gidan yawa ta san babu matan da ke wuni a haka, wa zai yi girkin, wa zai yi wa yara wanka. To ka ga tafiya tana buɗe ido, amma wani lokacin abin da mutum ya taho da shi a kansa shi yake gani ko da an kai shi wurin.

Ummu_Hanan:
Allah ya biya ki Hajiya, abin da ke raina kenan

Sani_Kala:
Kuma zanen nan ne Picasso ya dawo ya maimaita har sau 15 tsakanin 1954 da 1955, daidai lokacin da Aljeriyawa suka fara yaƙin neman 'yanci. Na ƙarshen aka yi gwanjonsa a New York a 2015 kan dala miliyan 179. Ko sisi ba ta je Aljeriya ba.

DanZazzau84:
Dala miliyan nawa?? Innalillahi. Ni kuma jiya wani yana taya min hoton mahaifinsa da na kwana ina yi dubu takwas

Bagobiri_Maradi:
Ni dai a tawa hahimta tahiya tana da amhwani amma ba sai Turai ba. Ni a Maradi na tashi, duk zanena kore da ruwan ƙasa ne, gero da gawo da shanu. Da na je Agadas wajen wani ɗan uwa na ga hasumiyar masallacin nan ta laka da itatuwa sun hito mata ta ko'ina, ga rana tana buga ginin da la'asar ya koma ja wur, ga Buzaye da rawani mai shuni har yana rina musu goshi, tun daga nan ban sake haɗa kala yadda nake haɗawa da ba. Ban bar Nijar ba ko taki ɗaya. Don haka Mai_Burushi in garinsu kake nuhi na yarda, in ƙasarsu kake nuhi ban yarda ba.

Bakatsine_Na_Asali:
Bagobiri ya ga gini mai tsawo ya ruɗe, Allah sarki

Bagobiri_Maradi:
Bawana yi shiru manya na magana

Mai_Burushi:
Bagobiri ai garinsu na ce, koma ka duba. Ka goyi bayana kenan ba ka sani ba.

Alaramma_Jr:
Dan Allah kafin ku yi nisa, shi zanen mutane da dabbobin nan da kuke ta yabo kun tambayi hukuncinsa kuwa? Akwai hadisai masu tsanani a kan masu surantawa. Ni dai na tunatar.

Hajiya_Mairo_Zane:
Malam mun gode da tunatarwa. Maganar ta sha zuwa gidan nan, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani tsakanin abin da ke da inuwa kamar gunki da wanda aka zana a takarda, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Ni kaina shekarun nan gini da itatuwa da zayyana nake yi.

Injiniya_Kb:
Tunda Alaramma ya kawo wannan bari in kawo muku wanda ya fi dacewa da tambayar, don har yanzu fenti kawai kuke magana ba ku taɓo masu bugawa ba. Akwai wani mutumin Holan, Escher, sana'arsa ita ce ya sassaƙa zane a jikin katako ko ya zana a dutse, ya shafa tawada ya danna a takarda ya fitar da kwafi da yawa. Shekaru yana zaune a Italiya yana buga hotunan ƙauyuka da duwatsu, masu kyau ne amma ba su ne suka sa aka san shi ba. Ya je fadar Alhamra ta Garnaɗa a Andalus a 1922, ya sake komawa a 1936, wannan karon shi da matarsa suka zauna kwanaki suna kwafar adon bangon da Musulmi suka yi, irin wanda siffa ɗaya ke shiga cikin 'yar uwarta ba a bar ko ɗan fili ba. Daga nan aikinsa ya juya gaba ɗaya. Sai dai shi maimakon taurari da kusurwoyi sai ya mayar da su tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru, baƙin tsuntsu na tafiya gabas, filin da ke tsakaninsu kuma farin tsuntsu ne mai tafiya yamma. Na 1938 ɗin nan da kifi ke rikiɗa ya zama tsuntsu kowa ya taɓa ganinsa ko bai san sunan mai shi ba. Abin lura, abin da magina Musulmi suka ƙware a kai saboda sun kauce wa zanen mai rai, shi ne ya zama arzikin wannan bawan Allah. Kuma zuwan farko bai yi masa wani tasiri sosai ba sai na biyu, bayan shekara 14. Ni a ganina a zuwan farko idonsa bai nuna ba tukuna.

Alaramma_Jr:
Kun gani ko. Namu ya ɗauka ya ƙara masa abin da aka hana

Injiniya_Kb:
Malam ni ba fatawa na kawo ba, tarihi na kawo hhh

Zee_Fenti:
Maganar Injiniya ta idon da bai nuna ba ta tuna min Matisse. Mai_Burushi ka ambaci Tanja amma ba ka faɗi cewa da ya sauka a Janairun 1912 ruwan sama ya tarar ba ƙaƙƙautawa, ya maƙale a ɗakin otal yana zana furanni a tulu yana cewa zai koma gida. Da rana ta fito ne ya yi wanda ya leƙo ta taga, shuɗi ko'ina. Ya sake dawowa ƙarshen shekarar ya kai har farkon 1913. Amma wanda ya fi ba ni mamaki tafiyarsa tsibirin Tahiti da ke tekun Pasifik ce a 1930. Ya yi wajen wata uku can kusan bai zana komai na kirki ba, iyo kawai yake yi a ruwa yana kallon kifi. Ya dawo kowa ya ɗauka tafiyar banza ce. Sai a 1946, yana tsoho ba lafiya bayan tiyata ba ya iya tsayuwa gaban allon zane, ya riƙa yanka farar takarda da almakashi yana sa a manna masa a bangon ɗaki, kifi, tsuntsu, ciyawar teku. Aka ɗauki wannan aka buga a kan yadi. Shekara 16 abin na kwance a kansa. To yaya za ka auna tasirin tafiya in haka ne? Wani ya dawo da littafi cike, wani ya dawo hannu rabbana amma abin na nan.

Mai_Burushi:
Zee wannan ai ƙarin hujja ce gare ni. Da bai je ba da me zai tuna a 1946?

Zee_Fenti:
Da ya tuna wani abin daban mana Yaya. Mutumin da ke yanka takarda ta zama abin kallo ko kasuwar Kurmi ka kai shi zai fito da abu

Baban_Sadiq:
Bari in rusa muku lissafin duka da mutum ɗaya. Van Gogh bai taɓa taka Japan ba. A Paris ya riƙa sayen hotunan bugun katako na Japan masu arha har ya tara ɗaruruwa, a 1887 ya zauna ya kwafi na Hiroshige da fenti, gadar nan da ruwan sama ke dukan mutane da kuma itacen fure. Da ya tashi tafiya a 1888 kudancin Faransa ya nufa, garin Arles, yana rubuta wa ƙaninsa cewa nan ne Japan ɗinsa. Hoton ne ya yi tafiya ya same shi, ba shi ya je ba. Yanzu kuma kowa da waya a hannu, gidajen adana zane na duniya sun zuba hotunansu a intanet kyauta. Ɗana Mai_Burushi me za ka ce?

Mai_Burushi:
Baba zan ce shi ma ai ya bar garinsu, daga Holan zuwa Paris zuwa Arles. Kuma ka dubi zanensa na Holan, duhu ne kawai da masu cin dankali, sai da ya sauka kudu rana ta shiga aikin. Waya ba za ta ba ka zafin rana ba.

Sani_Kala:
Gaskiya nan Mai_Burushi ya ci. Haske ba ya shiga waya. Ni da na fara zuwa Jos lokacin damina na ga kore kala-kala a kan duwatsu, na gane duk koren da nake sayowa a kwalba ƙarya ne

Yar_Kumasi:
Salamu alaikum, ina karantawa tun ɗazu. Ni a zongo na tashi a Kumasi, kakana daga Sakkwato ya zo fataucin goro. Kusa da mu akwai garin Ntonso inda ake buga adinkra, suna sassaƙa hatimi daga ƙwarya su dafa ɓawon itace ya zama baƙar tawada mai kauri su riƙa dannawa a yadi layi-layi. Turawa da baƙaƙen Amurka kullum suna zuwa, su biya kuɗi kaɗan su buga na awa ɗaya su ɗauki hoto, wasu su koma su yi baje koli da sunansu a sama. Tsohon da ya koya musu ba a ko ambatarsa. Shi ya sa maganar Hajiya Mairo ta shige ni. Ba na cewa kada a zo a koya, amma a faɗi inda aka samo.

Hajiya_Mairo_Zane:
Haka suke yi a karofin Ƙofar Mata, 'yata. A zo a ɗauki hoton tsoho hannunsa ya rine da shuni, a tafi.

Dan_Maiwurno:
Jama'a duk kun tsaya kan Turawan da suka zo wurinmu, ba wanda ya juya abin. Mu a nan Sudan muna da Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman 1930, mahaifinsa malamin allo ne. Ya tafi Landan makarantar Slade daga 1954 zuwa 1957 ya ƙware a zanen Turawa sosai. Ya dawo Khartoum ya yi baje koli, mutanen gari suka zo bikin buɗewa suka sha lemo suka tafi ba su dawo ba, abin bai yi musu magana ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin. Sai ya tsaya ya tambayi kansa me mutanen nan ke ratayawa a ɗakunansu, ya ga ayoyi ne da rubutun larabci da adon faifai da tabarma. Ya koma kan allon da ya taso da shi a gidan mahaifinsa, ya riƙa jan harafi yana buɗe shi har siffa ta fito daga ciki. Wannan ne aikin da duniya ta san shi da shi, har gidan Tate Modern na Landan ya yi masa babban baje koli a 2013. Ya zo Najeriya ma, an nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan farkon shekarun 1960. Daga baya da ya zauna a Ingila abin da ya yi ta zanawa shi ne itacen gawo na bakin Nilu, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. To shi wannan tafiya ce ta ba shi ko gida? Landan ta ba shi hannu, amma abin zanawar yana ɗakin babansa tun yana yaro.

Ummu_Hanan:
Kai wannan labarin ya yi min daɗi wallahi. Gawo dai namu na gona?

Dan_Maiwurno:
Shi fa Anti, wanda awaki ke rububin 'ya'yansa

Mai_Burushi:
Dan_Maiwurno amma ka lura sai da ya je ya dawo sannan ya GA allon. Shekara ashirin da wani abu yana tare da allo bai taɓa ɗaukarsa abin zane ba. Abin da nake faɗa kenan tun farko, ido ba ya ganin abin da ya saba da shi.

Injiniya_Kb:
A'a, ba zuwan ne ya nuna masa ba, ƙin sayen da mutanensa suka yi ne. Da sun saya da ya ci gaba da zanen Landan har ya tsufa

DanZazzau84:
Yawwa bari in shigo da gaske yanzu tunda an zo gidanmu. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama ABU daga baya, suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu Turawa ne suna koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce za su ɗauki dabarar amma abin da za su zana na gida ne. Kuma ku lura kusan dukkansu 'yan kudu ne, zuwa Zariya ma tafiya ce a wurinsu. Onobrakpeya daga yankin Delta ya zo, ƙasar ruwa da kurmi, ya tarar da gidajen ƙasa masu zanko da ado a bango, kuma shi ne ya zama babban mai bugun zane na ƙasar nan, har yana da jerin ayyuka a shekarun 1980 a kan yankin Sahel. Uche Okeke kuma ya je Munich a Jamus farkon shekarun 1960 amma abin da ya riƙe shi ne uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Tambayar da ke damuna ita ce mu 'yan gida da muka tashi cikin adon bangon nan da dagi da zayyanar allo da aikin Dukawa, me ya sa sai baƙo ya zo ya nuna mana suna da kyau

Hajiya_Mairo_Zane:
Saboda mun rushe su mun sa siminti da tayil. Unguwarmu gida ɗaya ya rage mai adon bango, shi ma magada na jiran mai saye.

Bakatsine_Na_Asali:
Ku kuna ta Turawa, ni Jacob Lawrence nake so a taɓo. Baƙar fatar Amurka ne, ya zo Najeriya a 1962 ya nuna aikinsa a Legas da Ibadan, abin ya kama shi ya dawo da matarsa a 1964 suka zauna watanni. Kasuwanni ya yi ta zanawa, mata da kaya a ka, kaji, yadi, cunkoso har ba ka ganin ƙasa. Shi ba mulkin mallaka ya kawo shi ba, asali ya zo nema. To shi ma ɗauka ya yi ya tafi ko kuwa? Ina so Hajiya da Yar_Kumasi su amsa.

Yar_Kumasi:
Ni a wurina bambancin shi ne ya zauna, ya yi hulɗa da masu zanen wurin, ya nuna musu nasa aikin su ma suka gani. Ba leƙe ya yi ta taga ba

Hajiya_Mairo_Zane:
Kuma matan da ya zana aiki suke yi, ba a kishingiɗe suke ba. Wannan kaɗai ya isa. Amma kada a kawo min Gauguin, mai zanen nan na Faransa, a nan don shi ba zan iya ba, mutumin da ya bar mata da 'ya'ya biyar ya tafi Tahiti a 1891 yana zama da yara 'yan shekara 13 da 14. Na san bugun katakon da ya yi bayan ya dawo Paris ana yabonsu, yadda ya bar sawun wuƙa a jikin katakon bai goge ba, na gani kuma suna da ƙarfi, amma raina ba ya son su.

Zee_Fenti:
Hajiya ke kika kawo shi da kanki hhhh

Malam_Tarihi:
Ƙarin bayani kaɗan ga masu sha'awa. Daga cikin tsofaffin hotunan birnin Kano da ake yawo da su akwai wanda aka hango garin daga kan Dala. Asalinsa zanen Barth ne, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Shi ba gwanin zane ba ne, ya dai zazzana abin da ya gani, da ya koma sai wani mai zane a Jamus mai suna Bernatz ya gyara aka buga da dutse aka sa a littafin tafiyarsa. Wato wanda ya ƙawata hoton bai taɓa ganin Kano ba. Duk da haka yau in muna son mu ga kamannin garin kafin zuwan kyamara wurinsu muke komawa. Shi ya sa ni ba na iya zagin matafiyan nan gaba ɗaya, ba na kuma iya yarda da duk abin da suka zana.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah, ashe hoton nan na hannu biyu ne. Ina ganinsa a bangon wani ofis ban taɓa tambaya ba

Auwal_Sikirin:
Ni talaka ne a cikinku, riguna nake bugawa na 'yan makaranta da na siyasa. Amma na taɓa zuwa Kwatano sayen kaya na ga yadda masu allon shagon aski ke zana kawuna da kala mai ƙarfi, rawaya da ja ba tsoro, na dawo na fara sa irin kalar a aikina kuma kwastomomi sun so. Ban san ko wannan ya shiga lissafinku na manya ba

Baban_Sadiq:
Ya shiga Auwalu, ya ma fi na wasu. Kai ka je neman abinci ka dawo da ido.

Mai_Burushi:
To kun gani, Agadas, Jos, Kwatano, Zariya, duk wanda ya ba da labarin kansa a nan tafiya ya ambata. Har yanzu ba wanda ya kawo min mai zane ɗaya da ya zauna wuri guda ya yi fice.

Malam_Tarihi:
Ladi Kwali. A ƙauyensu ta koyi ginin tukunya wurin 'yar uwarta, tana zana ƙadangare da kifi da kunama a jiki, Sarkin Abuja na lokacin yana ajiye tukwanenta tun kafin Baturen Ingila maginin tukwane Michael Cardew ya gan su ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, Suleja ta yanzu. Da ta fara fita Ingila da Amurka koyarwa ta je yi, su ne suka taru suna kallon hannunta. Ciro naira ashirin ka duba bayanta.

Mai_Burushi:
Malam wannan ai maginiya ce ba mai fenti ba

Hajiya_Mairo_Zane:
Au, yanzu kuma zanen da ke jikin tukunya ba zane ba ne? Ka fara sauya dokar wasa ɗana

DanZazzau84:
An kama shi hhhh. Ni dai naira ashirin ɗin ma rabona da ganinta tun bara

Injiniya_Kb:
Hokusai, shahararren mai zanen bugun katako na Japan, shi ma bai taɓa fita ƙasar ba, a zamaninsa an hana fita ma gaba ɗaya. Amma shuɗin da ya buga sanannen hotonsa na igiyar ruwa da shi daga waje aka shigo da shi, kuma ya ga hotunan Holan ya koyi yadda suke nuna nisa da kusa. Sai dai kuma an ce ya sauya gida fiye da sau 90, don haka Mai_Burushi zai ce shi ma matafiyi ne

Mai_Burushi:
Ai kuwa ka riga ni faɗa

Bagobiri_Maradi:
Ni dai ga shawara, maimakon gardama mu haɗa kuɗin mota bayan salla mu tai wani wuri tare da littattahanmu, kowa ya zana abin da ya gani mu dawo mu gwada. Damagaram ba nisa daga Kano, unguwar Birni har yanzu akwai gidaje masu ado a bango.

Zee_Fenti:
Ina ciki in hanya lafiya. Wa ya san nawa ne kuɗin mota daga Kano zuwa Damagaram yanzu, kuma katin ɗan ƙasa ya isa a iyaka ko sai da wata takarda?

Auwal_Sikirin:
Bari in tambayi wani direba a layinmu gobe in Allah ya kai mu, ta Daura yake bi